Gammon da Ke Ƙarƙashin Na'ura

Injiniya ya kai wa boka aikin ofis, boka ya karɓa.

Wani babban kamfani ne ya so a sake masa manhajar da yake ciniki da biyan albashi da ita. Irin wannan manhaja ba ta tsayawa ita kaɗai. Sai an ɗora ta a kan wata babba, mai karɓar buƙatun jama'a tana rarrabawa, wadda masu sana'ar ke kira uwar garke. Akwai ta saye, mai tsada. Akwai ta kyauta, wadda aka bar cikinta a buɗe, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara. Aka ce Injiniya ya gwada ta kyautar. In ta ɗauki nauyi, kwangilar duka tasa ce.

Ba ta ɗauka ba. Gwajin nasu haka yake: a ƙirƙiro masu ciniki na ƙarya a tura mata, a yi ta ƙarawa har ta faɗi, a ga iyakarta. Tasa kuwa tun ba a je ko'ina ba take durƙushewa.

"Injiniya, wannan jakar taka ko buhun auduga ba za ta kai kasuwa ba," in ji Manaja, 'yan ofis suna dariya. "Litinin ce ta ƙarshe. In ta sake zubewa, mu sayi ta kuɗi."

Da ya zauna ya nemi inda matsalar take, da ya samu. Haƙurin ne babu. Yana son bene, yana son mota, yana son a daina kiransa ƙanin Kafinta.

Da tsakar rana ya je wurin bokan. Ɗakin yana bayan wata ma'ajiyar tsofaffin ƙarafa, ba taga, ciki sanyi kamar rijiya. Baƙar tukunya tana tafasa a kan duwatsu, ba wuta a ƙarƙashinta. Igiyoyi sun sauko daga rufi, kowace da dutse a bakinta, suna lilo ba iska. A ƙasa an jera kofatan jakuna, duk suna kallon ƙofa. Bokan siriri ne, wuyansa a karkace.

"Me kake so ta yi?" in ji boka, tun bai gama bayani ba.

"Kada ta faɗi, Baba. Ko duniya aka ɗora mata."

"Kaya ba ya ɓacewa, yaro. In ba ta ɗauka ba, wani zai ɗauka."

"Wa?"

"Wanda ya ci daga hannunka."

Injiniya ya ja da baya. "In jini ne, ba na yi."

"Wa ya ce jini? Nauyi ne. Kaɗan-kaɗan, a rarraba, ba wanda zai ji. Sharaɗina ɗaya, kada ka nemi iyakarta."

Injiniya ya yi tunanin ciwon wuya, abin da ƙwayar magani take kora. Ya ce ya yarda.

Boka ya yanki gefen rigar Injiniya, ya haɗa da baƙin tsumma, ya naɗe gammo irin na masu dako. Ya tsoma shi a tukunyar, ya fito a bushe. Ya ɗora wa Injiniya a ka. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya ji ƙashin bayansa yana ƙara, ya kasa ko ihu. Boka ya cire.

"Sa shi a ƙarƙashin na'urarka. Abin da ka rubuta a kanta, duk inda ya je, da gammon zai je."

Wannan maganar ta ƙarshe bai saurara ba. Ƙofa yake nema.

Ranar Litinin, gammo yana ƙarƙashin na'ura, aka tura masu cinikin ƙarya. Uwar garke ko gezau. Aka kai adadin da kamfani yake buƙata, aka wuce.

"Ya isa haka," in ji Manaja. "Jakar ta zama giwa."

Amma mai gwaji ba ya tashi sai ya ga inda abu ya karye. Haka aka koya musu, haka hannunsu ya saba. Ga 'yan dariyar nan kuma a tsaye a bayansa. Ya ninka. Ya sake ninkawa. Wayarsa ta yi ƙara, matarsa ce.

"Baban Auta, Inna ta faɗi a tsakar gida. Tana cewa a sauke mata."

"A sauke mata me?"

"Ba komai a kanta."

Kafin ya isa, mahaifiyarsa ta cika. Wuyanta ya nutse cikin kafaɗunta. Masu wanka suka fito, ba wadda ta kalle shi.

Ya sani. Kada wani ya ce bai sani ba. Amma a makon aka sa hannu a kwangila, ya bar gammon inda yake.

Arziki ya zo a guje. Ya buɗe nasa kamfanin, ya gina benen, motoci suka cika harabar. Aka riƙa gayyatarsa taro ya faɗi yadda ya sa ta kyauta ta fi ta kuɗi. Kafinta, yayansa, ya zo murna sau ɗaya, aka bar shi a tsaye wajen maigadi. Bai sake zuwa ba.

Duk ƙarshen wata, ranar da ake biyan albashi jama'a suka yi wa uwar garke caa, gidan yakan yi nauyi. Babban ɗansa, saurayi mai ƙirji, ya fara tafiya a sunkuye. Likitoci suka haska, ba su ga komai ba. Wani ƙarshen wata yana hawa bene ya durƙusa, bai tashi ba.

Masu sana'ar suna alfahari da cewa in na'ura ɗaya ta faɗi, ta kusa da ita take karɓar kayan nan take. Haka aka yi a gidan. Ana dawowa daga maƙabarta, matarsa ta zauna a tsakiyar falo ta toshe kunnuwa.

"Ku bi layi," take cewa. "Ɗaya bayan ɗaya. Na ji, na ji, ina zuwa."

Ba kowa a gabanta. Haka take wuni, tana amsa wa mutanen da ba a gani, har muryarta ta dushe. Danginta suka zo suka tafi da ita. Masu aiki suka gudu. Saura Auta, 'yarsa ta ƙarshe.

Ranar da ya ga Auta tana cin abinci haɓarta a kan ƙirji, ya fita ba takalmi. Ya shiga ɗakin na'urori, ya kashe komai, ya zaro gammon ya ƙone. Kamfani ya tsaya cak, aka ƙwace kwangila. Ya dawo gida. Wuyan Auta ya ƙara sunkuyawa.

Ya koma bayan ma'ajiyar ƙarafa. Duwatsun suna lilo.

"Na kashe na'urar, Baba. Me ya sa bai sauka ba?"

"Ina ka kai abin da ka rubuta?"

Nan ya tuna. Ƙa'idar masu uwar garke ta kyauta ce, wanda ya yi gyara ya mayar da gyaransa wurin kowa, kowa ya kwafa. Ya mayar, don sunansa ya fita. Yanzu tana aiki a bankuna da shaguna a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Ba mai iya kiranta ta dawo.

"To a ɗora mini."

"Kai mai jaki ne, ba jaki ba."

"Yarinya ce, Baba."

"Ƙara masu ci daga hannunka, a rage mata."

Mai kwaɗayi ya ji wannan da kyau. Duk wanda ya ce zai sauke maka wahalar sana'arka ba tare da gumi ba, tambaye shi a kan wa zai aza. A kan naka zai aza, waɗanda suka zauna suka ci tare da kai ba su san komai ba. In ya gama da su kuma, ya mayar da kai mai neman wanda za ka cuta.

Injiniya ya sa Auta a mota, ya tafi shagon Kafinta. Ya same shi yana goge katako. Ya miƙa masa mukulli da hannu biyu.

"Yaya, ga mota. Taka ce."

Kafinta bai ajiye abin gugar ba. Ya dubi mukullin. Ya leƙa motar, ya ga yarinyar a dunƙule, tana numfashi da ƙyar.

"Tun da ka samu, ko ruwa ban sha a gidanka ba. Yau mota?"

"Zumunci ne, Yaya."

"Inna ta ci naka. Yaron ya ci. Matarka ta ci. Ni da ban ci ba, ga wuyana a miƙe."

Injiniya ya durƙusa cikin garin katako. "Don Allah, Yaya. Ko biredi ne ka karɓa daga hannuna. Loma ɗaya. 'Yarka ce."

Kafinta ya daɗe yana kallon motar. Idonsa ya kawo ruwa. A bayan shagon ana jin 'ya'yansa suna wasa. Ya mayar da hannuwansa baya.

"Ba zan karɓa ba."