Akori-kurar Baba

A can wani zamani an yi wani direba da ya gaji tsohuwar akori-kura mai shan gas daga marigayi mahaifinsa. Ran nan ya dawo daga kasuwa, injin ya yi dumu-dumu da baƙin mai har yana ƙauri, ga 'yan biki suna jira ya kai su.

"Malam direba, watsa masa ruwa mu tafi!" in ji uwar biki.

Ya ɗaga bokiti, sai hucin injin ya bugi fuskarsa. Nan ya tuna Baba, wanda kullum yake cewa ruwan sanyi yana tsaga ƙarfe mai zafi. Ya ajiye bokitin.

Suka yi mita, ya jira. Suka yi tsaki, ya jira. Da injin ya huce, ya cire kan batir, ya naɗe wayoyi da leda, ya bi ko'ina da tsumma da ruwan sabulu. Da ya bushe, ya mayar da komai.

Murɗa makulli ɗaya motar ta tashi da muryarta ta da. Daga cikin gida tsohuwarsa ta ɗago kai, kamar ta ji motar a hannun marigayi mijinta, Malam.

"Wai Malam ne ya dawo?"