Amsa ta Uku

Si Munsif, shugaban kamfaninmu, ya dire ƙonannen guntun wayar injin a kan teburina, ƙaurinta ya cika ofis.

"Daga wata matsar man zaitun ta garin Mahres," in ji shi. "Ana tsakiyar kaka, Sirin. Injin ya yi zafi har ya ƙone, na'urarmu tana kallo ba ta tsayar da shi ba."

Na san hannun wa ya taɓa wurin a ƙarshe.

Aikina rubuta direba ne, wato ɗan shirin da ke koya wa babbar manhajar na'ura yadda za ta yi magana da kowane ƙarfe da aka maƙala mata. Mahaifiyata ta gaji da yi wa maƙwabta bayani, har yau akwai tsohuwar da ke tambayarta wace mota nake ja. Na'urarmu iri biyu ce. Mai tsada tana da ma'aunin zafi, mai araha ba ta da shi, kuma direba ɗaya ke tafiyar da su duka. Da an kunna, sai ya nemi ma'aunin. In babu, ya ci gaba da aikinsa, don ba dole ba ne.

Si Munsif ya ce a kira wanda ya fara rubuta shi.

Haisam ne ya rubuta shi. Wata bakwai ke nan ban ji muryar Haisam ba.

Shekara biyu muka yi tebur na kallon tebur. Shi ke duba aikina, ni ke duba nasa. Ya san ba na son barkono a miyar lablabi, na san in ya fara murza kunnensa ya gano kuskure ne yana neman hanyar faɗa mini ba tare da na yi fushi ba. Ba ya samun hanyar, don ni fushi ba ya yi mini wuya.

Da ya zo gidanmu neman aure, Baba ya karɓe shi da shayi da fara'a, ya sallame shi da hannu wofi. Mu mutanen Sfax kowa ya san halinmu, 'yarmu ta ɗanmu ce. Shi kuwa ɗan Gafsa ne, ba gida, ba ko bishiyar zaitun ɗaya. Mahaifiyata ta ce yaron kirki ne, amma kirki ba ya rufe ɗaki.

Bayan sati uku ya sami aiki a Tunis. Na tare shi a tashar mota, na ce ya sake komawa wurin Baba kafin ya tafi, ko da kawunsa ne. Ya murza kunne.

"Ba yanzu ba, Sirin ɗina..."

Iyakar abin da ya ce ke nan, mota ta cika.

Dursaf, wadda teburinta ke bayan nawa, ita ta fassara mini. Ta ce in namiji ya ce ba yanzu ba, to a'a ce ta sa turare. Ta ce ai ta ji akwai 'yar gwaggonsa a Gafsa da aka daɗe da ajiye masa. Daga baya na gane ita ma idonta na kansa tun ran da ya zo kamfanin, amma a lokacin maganarta ta yi daidai da ciwon da ke raina, sai na haɗiye. A ranar na toshe lambarsa, na toshe duk wata ƙofa da saƙonsa zai iya biyowa.

Daga nan sai kaɗaici. Ina cin abincin rana a gaban allo. Teburinsa aka jibga wa kwalaye. Ran Lahadi in zauna a gida in taya mahaifiyata gyaran kifi, tana lissafa mini 'ya'yan dangi ina cewa to. Ba wanda ya yi mini laifi a fili, shi ya sa ban sami wanda zan yi wa faɗa ba, sai aikinsa. Na bi direban layi-layi ina share duk abin da na ga kamar ado ne kawai. Akwai wasu layuka huɗu da ya rubuta a wurin neman ma'aunin zafi. Na mayar da su ɗaya: in amsar ba "ga ni" ba ce, to babu, a wuce. Dursaf ta sa hannu ba ta ko karanta ba.

Yanzu ga wayar Si Munsif a tsakiyar tebur, an buɗe murya. Haisam ya gaishe da kowa, ya gaishe ni a ƙarshe, da sunan gidanmu, kamar baƙuwa. Na tura masa shirin. Minti biyu bai cika ba ya gano.

Si Munsif ya ce mu ƙarasa, ya fita amsa kiran mai matsar. Dursaf ta tuna tana da aiki a ɗakin gwaji.

Haisam ya yi mini bayani a hankali, kamar da. Ya ce in ka nemi abin da ba dole ba ne ka rasa, amsa uku ce. Ko a ce babu shi sam, sai ka wuce, ba laifi. Ko a ce akwai shi amma ya lalace, sai ka tsaya ka yi ƙara. Ko a ce akwai shi, bai farka ba ne tukuna, sai ka ja baya a sake kiranka. Ma'aunin nan yakan makara wani lokaci, wutarsa ce ke jinkirin tashi. Direbana ya tambaya sau ɗaya, aka ce masa ba yanzu ba, ya rubuta babu ya wuce.

Na ji kunya ta rufe ni har tafin ƙafa. Na san ba maganar inji kaɗai muke yi ba, shi ma ya sani.

"Haisam... ka neme ni?"



"Kowace Juma'a, wata huɗu. Na sami gida a hanyar Gremda cikin Sfax, ina so ki gani kafin in koma wurin Baba. Da na kasa samunki na tambayi Dursaf, ta ce an yi miki baiko da ɗan kawunki."

"Ba a yi ba. Wallahi ba a yi ba."

"Na gane daga baya."

Na dafe bakin tebur. Na tambaya, don in ban tambaya ba zan mutu da ita.

"To yanzu... cikin ukun, wacce ce amsarka?"

Ina jin numfashinsa. Na tabbata yana murza kunne.

"Ta farko ce, Sirin. An ɗaura mini aure watan jiya." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ba zan bar ki kina jira ba. Babu. Ki ci gaba, Allah ya ba ki wanda ya fi ni."

Na ce amin. Har barka na yi masa, da muryar da ban san tawa ba ce. Ban yi kuka ba sai da wayar ta mutu, shi ma kaɗan, don Si Munsif na jiran gyara kafin la'asar.

Na mayar da layukansa huɗu yadda ya bar su, ban canja ko ɗigo ba. Na ɗauki na'urar zuwa teburin gwaji, na haɗa ma'aunin, na kunna. Sau shida ya amsa nan take. A na bakwai ya makara, direban ya ja baya ya tsaya.

Na ƙura wa 'yar fitilar ido, ina ƙirgawa a zuci.

Ɗaya. Biyu. Uku.

Ta kawo koriya. Daƙiƙa uku kawai yake buƙata.