Wata Uku Cikin Toka

Ranar wata Laraba da la'asar, Rahamatu na kwance a tsakar gidansu a Matameye, kanta bisa cinyar mahaifiyarta, ana yi mata kitso. Iya Baiwa makitsiya ce da duk unguwa ta san hannunta, kuma tun Rahamatu na ƙarama ta raine ta da soso da asuwaki. Saura layi biyu a gama sai ga maigidan, Malam Almu, ya faɗo gidan ko sallama bai ƙarasa ba.

"Baiwa, tsefe kitson nan."

"In tsefe, Malam? Yanzu fa na..."

"Na ce ki tsefe shi!"

Ya zauna bisa turmi yana haki. Daga kasuwa yake, kuma abin da ya jiyo ba daɗi. Kumandan Nasara ya sauka Kance da sojojinsa, za a sare daji a yi hanya zuwa Damagaram. Tafintansa na bin gari gari yana zaɓen 'yan mata, wai su yi daka da ɗiban ruwa a sansani. Sai masu kyan gani yake nunawa. An ɗauki biyu a Kurni tun watan jiya, har yau iyayensu ba su sake ganinsu ba.

"Daga yau ba kitso, ba kwalli, ba lalle," in ji shi. "A shafe ta da toka, a ba ta tsumma ta ɗaura. Duk wanda ya tambaya, ciwo ne ya kama ta. Kuma maganar nan ba za ta fita ƙofar gidan nan ba."

Rahamatu ta tashi zaune. "Baba, har gidan su Idrisa?"

"Su ne ma na farko, Auta. Wansa ciyawar doki yake kai wa sansanin, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Ki rantse mini."

Ta rantse tana kuka. Idrisa shi ne saurayin da aka yi mata baiko da shi, an sa biki bayan kaka. A lokacin yana hanyar Kano da jakunansa, ya kai kanwa, ba wanda ya san ranar dawowarsa.

Iya Baiwa ta tsefe kitson da hannunta ya yi, hawaye na ɗiga a gashin. Ta ɗebo toka a murhu ta cuɗa da ruwa, ta shafe wa 'yarta fuska da wuya da damatsa. Da Rahamatu ta leƙa randa ta ga kanta, sai ta durƙushe a wurin.

Kwana bakwai ta daure. Jikinta ya yi ta ƙaiƙayi, gashi ya dunƙule, ƙawayenta da suka zo dubiya suka tsaya daga nesa suna toshe hanci da gefen zane. Rana ta takwas ta sami mahaifinta, ta durƙusa.

"Baba, na yi tsarki yau, wanka ya wajaba a kaina. Yaya zan tsaya gaban Ubangijina a haka? Na yarda mutane su ƙi ni, amma kada a raba ni da salla."

Malam Almu ya ce, "Ki yi wankanki in gida ya watse. Amma kafin ki fito, tokar ta koma."

Haka rayuwarta ta koma. Da hantsi, in an tafi gona, ta shiga makewayi da ƙwaryar ruwa da ɗan sabulun salo, ta wanke jikinta sarai, ta goge haƙoranta, ta yanke farce. Ta ajiye zane guda wankakke cikin faifai, ba ta taɓa shi sai za ta yi salla. In ta sallame ta naɗe shi, ta ɗauki tsumma, ta koma murhu ta ɓata abin da ta gyara da hannunta. Sau biyar a rana take wankewa, sau biyar take mayarwa. Ƙofar gida kuwa ko zaure ba ta leƙawa. Da yamma takan ji 'yan mata sun wuce rijiya suna dariya, ƙamshin man kitsonsu na shigowa ta saman danga, ita tana zaune a ɗaki kamar wadda aka ɗaure.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce ƙazanta ce kawai ta fito fili, da ma uwar ce ke rufa mata asiri.

Maganar ta kai kunnen Gwaggo Salamatu, ƙanwar mahaifin Idrisa, wadda ta raine shi tun rasuwar uwarsa. Mace ce mai tsananin tsafta, ko ƙwaryar shan ruwanta ba ta bari a taɓa da hannun hagu. Ta zo ta gani da idonta, ta tsaya bakin ɗaki ta dubi Rahamatu sama da ƙasa.

"Wannan ce za ta dafa wa ɗana tuwo? Baiwa, ciwo daban, ƙin ruwa daban. Ko mara lafiya ai ana yi masa wanka!"

Iya Baiwa ta sunkuyar da kai. Rahamatu ta ciji leɓe har ta ji gishirin jini. Kalma ɗaya za ta wanke ta, amma ta rantse.

Wata biyu da fara wannan hali Idrisa ya dawo. Tun bai sauke kaya ba aka tare shi da labari. Washegari ya zo, aka bar shi ya tsaya bayan danga, ita tana daga ciki.

"Rahamatu, ke ce?"

"Ni ce. Sannu da hanya."

"Muryarki ba ta mai ciwo ba ce. Me ya same ki? Gwaggo ta ce in na aure ki ba ni ba ita. Ki gaya mini gaskiya, ko mece ce zan iya ɗauka."

"Ba zan iya ba, Idrisa."

"Ba ki yarda da ni ba ke nan?"

"Wallahi na yarda da kai. Amma ba zan iya ba." Kuka ya ci ƙarfinta. "In ka ga ba za ka iya jira ba, ban riƙe ka ba."

Ta ji yana murza karan dangar da hannu. "Na san yarinyar da na nema," in ji shi. "Zan jira. Amma Gwaggo ita ce uwata, ban san iya kwanakin da zan iya tare ta ba."

Bayan kwana huɗu abin da ake tsoro ya zo. Da rana tsaka tafinta ya shigo unguwar da soja biyu, gida gida. Aka ce duk budurwa ta fito. Rahamatu ta fito, ta dunƙule hannuwanta cikin tsumma don kada a ga farcenta, ta kuma rufe bakinta gam don ɓoye farin haƙoranta. Tafintan ya matso, ya ɗaga haɓarta da bakin bulala.

"Wannan fa?"

"Ciwo ne, ranka ya daɗe," in ji Malam Almu. "Wata na uku ke nan."

Mutumin ya ja da baya, ya tofar da yawu. "Ku mai da ita ciki, kada ta shafa mana!"

A ranar an tafi da 'yan mata biyu daga unguwar. Rahamatu ta ji kururuwar iyayensu har magariba, ta kasa cin abinci.

Ta tsira daga Nasara, amma Gwaggo Salamatu ba ta sauko ba. Ranar Lahadi ta zo da azahar don ta warware maganar aure. Ta tarar Malam Almu ya tafi masallaci, Iya Baiwa ta shiga maƙwabta. Ta yi sallama ba a amsa ba, sai ta zaga bayan ɗaki. Nan ta tsaya cik.

Rahamatu na tsugune tana alwala, ba ta ji shigowarta ba. Ruwa na zuba, toka na wankewa, fata na fitowa sumul, ba ƙurji ba tabo. Ta kurkure baki, haƙora fari fat. Tsohuwar ta laɓe tana kallo har yarinyar ta ɗauko zanenta mai tsabta ta yi salla. Da ta sallame ta naɗe shi, ta ɗebo toka a ƙwarya, ta dubi tafin hannunta, ta share hawaye, ta fara shafawa.

"Tsaya!"

Rahamatu ta zabura, ƙwaryar ta faɗi. "Gwaggo! Don Allah, don Annabi, kada ki faɗa wa kowa! Za su dawo su tafi da ni!"

Gwaggo Salamatu ta kama hannunta ta juya shi, ta dubi farcen, ta sunsuna wuyanta.

"Kullum haka kike yi?"

"Kowace salla."

"Kuma na tsaya a bakin ɗakin nan na zage ki, kika yi shiru?"

"Na yi wa Baba rantsuwa, Gwaggo."

Tsohuwar ta zauna a ƙasa, abin da ba a taɓa ganin ta yi ba, ta rungume ta da tokar da komai. "Ki yafe mini, 'yata. Ni da nake taƙama da tsafta, ashe ban san ta ba." Sannan ta ɗauki ƙwaryar, ta ƙarasa shafa mata tokar da hannunta.

Ba ta gaya wa kowa ba, ko Idrisa. Abin da ta ce masa kawai shi ne, "Ka riƙe yarinyar nan da kyau." Aka ɗaura aure ranar Juma'a ba kiɗa ba guɗa, mutane na ta mamakin yadda Salamatu ta yarda. Bayan mako uku aikin hanya ya yi gaba, sansani ya tashi, sannan Malam Almu ya kwance wa 'yarsa rantsuwa.

Ranar tarewa Gwaggo Salamatu da kanta ta daka ganyen magarya ta wanke mata kai, sai da aka sauya ruwa sau huɗu. Iya Baiwa ta wuni tana warware gashin da man shanu kafin ta yi kitso. Aka ƙunsa lalle, aka ja kwalli, aka turara ta da turaren wuta. Da aka fito da ita, matan da suka toshe hanci suka rasa inda za su sa idonsu. Idrisa kuwa da ya buɗe mayafin, sai ya yi dariya har da ƙwalla.

"Duk wahalar nan ke kaɗai kika sha?"

"Kai ma ai ka sha taka," in ji ta. "Ka jira abin da ba ka gane ba."

To, 'yan mata, ku ji. Kwalliya ta idon mutane ce, ana iya hana ki ita rana ɗaya. Tsafta kuwa tsakaninki da Ubangijinki take, ko ba mai gani kada ki sake ta. Ku kuma iyaye, kada ku yanke wa 'yar mutane hukunci daga bakin ƙofa. Rahamatu ta yi haƙuri ta riƙe tsarkinta da rantsuwarta, Allah kuma ya tsare mata mutuncinta, ya bar mata mijinta.