Kifin Ƙaramin Tafki

Ranar da abin ya fara ba ta bambanta da sauran ranaku ba. Rana ta gangara bayan duwatsu, inuwarsu ta rufe tafkin, awakin maƙwabta suna komawa gida ɗaya bayan ɗaya. Uwargida Gwamma tana tsakar gida tana tankaɗe gari, ɗiyarsu Salima tana kwashe shanya, shi kuwa Alhaji Ɗayyabu ya ɗauki buta ya tsuguna zai yi alwalar magariba. Ya karkata butar a tafin hannunsa, sai yashi ya zubo. Busasshen yashi ne, da ɗuminsa. Shi da kansa ya cika butar nan da ruwa bayan la'asar.

Bai gama mamaki ba dutse ya faɗo tsakiyar gidan. Na biyu ya biyo, ya fasa ƙwaryar garin. Alhaji ya leƙa waje, babu kowa, ko kare. Ya dawo ya ɗauki dutsen, ya ji shi jiƙe sharkaf, da gansakuka a jikinsa, yana ƙarnin kifi.

Gwamma ta ce a hankali, "Alhaji, wanga dutse daga cikin ruwa ya hito."

Ya ce, "Yaran unguwa ne." Amma unguwar gida goma sha biyu ce, kuma ya san duk yaranta suna masallaci a lokacin.

Alhaji Ɗayyabu mutumin Maraɗi ne. Shekara ashirin da shida ya yi yana sayar da atamfa da turare a Kasuwar Assihar, a wani gari can cikin hamada, kuma duk tsawon shekarun nan a gidan haya yake a unguwar Gataa El Oued, inda ake jiran motar ruwa kamar ana jiran baƙo daga Makka. Mutum ne mai kirki, ba a raba shi da jam'i, sai dai yana da hali guda: bai taɓa jin an yi magana ya bar ta ta wuce ba tare da ya ɗora tasa ba. Saboda haka da ya ji magada suna sayar da gida da lambu a wani ƙauye kan hanyar Tazrouk, a bakin tafkin dutse da ba ya ƙafewa, bai yi shawara da kowa ba. Ya yi zirga-zirgar buro-buro na hukuma wata huɗu, aka buga hatimi, ya kwaso iyalinsa. Ranar da suka tare, Gwamma ta tsaya tana kallon ruwa kwance shuɗi tsakanin duwatsu, har ta yi hawaye don daɗi.

Washegari tsoho Yunus ya zo yi musu barka da zuwa. Buzu ne mai lambu a gefen nasu, a nan aka haife shi, Hausarsa kuwa ta Agadas ce. Bayan an sha shayi ya kama hannun Alhaji ya zaga da shi. Ya nuna masa babban tafki, ya ce na kowa ne, ana ɗiba da guga daga asuba zuwa la'asar, bayan haka a bar shi ya huta. Sannan ya kai shi bayan wani dutse, a ƙarshen lambun da Alhaji ya saya. Nan akwai wani ƙaramin tafki da bai fi faɗin ɗaki ba, ruwansa baƙi, mai sanyi, da wasu ƴan kifaye bakwai suna yawo a ciki.

Yunus ya ce, "Wannan ba a taɓa shi. Ba a sha, ba a wanki, ba a kama kifin. Yana da masu shi."

Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Baba Yunus, ai a takardata yana cikin lambuna."

"Takarda ta ba ka ƙasa. Ban ga inda ta ba ka ruwan ba."

Alhaji ya ce to, irin to ɗin da yake ce wa mai taya atamfa da rabin kuɗi. A ransa kuwa ya riga ya ga tumatir da albasa jere a lambun. Ya ga wautar mutanen da ke jan guga da hannu alhali ana sayar da injin jan ruwa a gari. Da yake ba zai iya kafa inji a babban tafki idon jama'a na kansa ba, sai ya zaɓi na bayan dutse. Wata Talata da hantsi, lokacin da maza suka tafi kasuwa, ya jefa tiyo a ciki ya tayar da injin. Kafin azahar ruwan ya koma tankin siminti na gidansa. Ya ga kifayen suna birgima a cikin laka, bakunansu suna buɗewa suna rufewa, ya ce a ransa gobe ruwa zai tsattsafo. Bai tsattsafo ba. Kwana uku bayan haka ne butarsa ta zubo da yashi.

Daga ranar nan kowace magariba sai jifa. Ba da rana ba, ba cikin dare ba, daidai lokacin da haske ke janyewa daga kan duwatsu. Sai aka fara jin muryar. Muryar mace ce daga bayan dutse, tana kira a hankali, tana ja, irin kiran da uwa ke yi wa ƴaƴanta su shigo gida duhu ya yi. Suna bakwai take kira, cikin harshen da ba Hausa ba, ba Larabci ba, ba kuma na Buzaye ba. In ta kai na bakwai sai ta yi shiru kamar mai sauraro, sannan ta koma na fari. Maƙwabta suka daina bi ta ƙofar gidan. Tsoho Yunus ya haɗu da Alhaji a masallaci, ya dube shi kawai ya wuce, kuma kallon nan ya fi zagi ciwo.

A rana ta biyar Salima ta ce tana jin ƙishirwa. Yarinya ce ƴar shekara sha shida, mai yawan dariya, ita kaɗai Allah ya bar musu cikin haihuwa biyar. Uwarta ta miƙo mata moɗa, ta kai baki, ta furzar, sai ga yashi a ƙasa. Aka ba ta madara, yashi. Aka ba ta kankana, ta tauna ta tofar da tsakuwa. Alhaji ya sa ta a mota zuwa asibiti a gari, aka yi mata ƙarin ruwa leda uku, likita ya duba ya ce bai ga cuta ba. Amma leɓunanta suka ci gaba da tsagewa, idanunta suka faɗa ciki, harshenta ya yi fari. Suka dawo gida tana kwance tana buɗe baki tana rufewa, ba sauti. Da Alhaji ya ga wannan buɗe bakin, ya gane inda ya taɓa ganinsa. Tsoro ya kama shi, da kunya, da wata irin nadama da ba ta da wurin zuwa.

A daren ya gaya wa Gwamma abin da ya yi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "An hana ka, ka yi. To tashi ka nemo wanda za ya gyara, tun ɗiyata tana numfashi."

Malam Illo ya zo da la'asar ɗin washegari. Dattijo ne siriri daga Damagaram, yana karantarwa a wani zaure a Gataa El Oued, kuma an san shi da wannan aiki. Bai fara shiga ɗakin yarinyar ba. Ya ce a kai shi inda aka yi ɓarnar. Ya daɗe tsaye a kan busasshiyar lakar da ta tsattsage, yana kallon ƙayoyin kifi bakwai da rana ta mayar farare.

Ya juyo ya ce, "Alhaji, abu guda nake so daga gare ka. In ta yi magana, ni zan amsa. Ko mi ta ce, ko ta zage ka, ko ta kira sunanka, kada ka tanka. Ku ƴan kasuwa na san bakinku. Maganarka a gabanta alkawari ce."

"Na ji, Malam."

Da haske ya fara janyewa suka shiga. Gwamma ta riƙe kan Salima a cinyarta, Alhaji ya rakuɓe a bakin ƙofa. Malam ya zauna ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. A waje duwatsu suka fara sauka kan rufin kwano. Ɗakin ya yi sanyi, ƙarnin kifi ya cika shi. Can sai jifan ya tsaya cak. Salima, wadda ta kwana biyu ba ta iya ɗaga hannu, ta tashi zaune, ta buɗe ido.

Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce. Ta ce, "Ya isa, malam. Ba da kai nake ba."

"Wace ce ke, kuma mi ya kawo ki jikin baiwar Allah?"

"Ni ce mai ruwan bayan dutse. Ina nan tun kafin a kafa tubalin farko a ƙauyen nan. Ban taɓa kowa ba. Awakinsu sun sha a gabana, matansu sun yi wanki, na kau da kai. Wuri guda na roƙa, inda nake ajiye ƴaƴana da rana in tafi nema. Na dawo na tarar da su a laka."

Malam ya ce, "Ya yi ne cikin rashin sani."

"An gaya masa."

Malam ya waiwayo ya dubi Alhaji. Alhaji ya sunkuyar da kai.

Malam ya ce, "To ya yi zalunci, kuma za ya gyara. Za ya fasa injin. Za ya mayar da ruwan da kafaɗarsa, jarka-jarka, har tafkin ya cika. Amma yarinyar nan ba ta ja ruwa ba, ba ta kashe kifi ba. Ki ji tsoron Wanda ya halicce mu da ku, ki fita."

"Ruwa za ya dawo. Ƴaƴana fa? Yini guda da rabi suka yi suna mutuwa. Ƙaramin shi ya fi daɗewa." Muryar ta yi rawa, sannan ta daskare. "Ƙishirwar da suka mutu da ita tana hannuna. Ba ni komawa da ita. Sai na ajiye ta a maƙogwaron wani a gidan nan."

Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin Salima ya fara karkarwa. Muryar ta yi ƙara, ta yi magiya, ta yi barazana. Gumi ya jiƙe rigar Malam. Amma Alhaji ba muryar yake kallo ba, ɗiyarsa yake kallo. Ya ga leɓenta ya tsage jini ya ƙi fitowa. Ya ga numfashinta yana yankewa yana dawowa.

Sai idanun suka juyo kansa. Muryar ta sauko, ta yi laushi, ta ce, "Kai mai kanti. Malaminka yana ƙona ni, gaskiya ne. Ita kuma tana bushewa. Zauna ka gani wa za ya riga wani. Ni na iya kallon ɗa yana mutuwa, kai ka koya mini."

Malam ya ɗaga hannu yana yi masa alamar ya yi shiru, bai katse karatun ba. Alhaji ya ciji leɓe. Ya riƙe bakinsa iyakar ƙarfinsa, kuma a rayuwarsa bai taɓa riƙe shi haka ba. Sai kan Salima ya langaɓe gefe.

Alhaji ya ce, "Ajiye ƙishirwar a nawa."

Malam ya tsaya da karatu.

Muryar ta yi wata ƴar dariya marar daɗi, ta ce, "Na sallama."

Salima ta yi atishawa sau uku ta faɗi a cinyar uwarta. Sanyin ya fita daga ɗakin. Bayan ɗan lokaci ta buɗe ido ta ce da muryarta, "Inna, ruwa." Gwamma ta miƙo moɗa. Yarinyar ta sha, ta shanye, ta nemi ƙari, ruwa yana bin haɓarta.

A ƙofar gida Malam Illo ya ce, cikin ɓacin rai, "Saura kaɗan ta fita hannu wofi. Da ka yi shiru."

Alhaji ya ce, "Ko kuma ta fita da ita. Malam, ka tabbata wanne za ya riga?"

Malam ya ce Allah ya sa kaffara ce, ya shiga mota.

Alhaji Ɗayyabu ya fasa injin da gatari a gaban jama'ar ƙauyen. Ya yi kwana arba'in yana ɗaukar jarka a kafaɗa daga tankinsa zuwa bayan dutse, bai yarda kowa ya taya shi ba, ko tsoho Yunus da ya zo ya miƙa hannu. Tafkin ya cika, baƙi, mai sanyi, kamar da. Kifi dai bai sake fitowa a cikinsa ba. Jifa ya daina. Gidan yana nan, ba su tashi ba, don Alhaji ya ce ba zai sayar wa wani bawan Allah abin da shi ya jawo ba.

Ruwa ba ya zama yashi a bakinsa. Yana sha ya wuce lafiya, likitoci sun ce jikinsa ƙalau. Ƙishirwar ce kawai ba ta tafiya. In ka shiga Assihar yau za ka gan shi a kantinsa, ya rame, leɓunansa a tsage, jarka a gefen ƙafarsa, kuma ya zama mutum marar yawan magana. Malamai nawa aka gwada, kowa ya ce abin da mutum ya karɓa da bakinsa sai haƙuri da addu'a.

Salima ba ta tuna komai na ranar nan, kuma ya hana a gaya mata. Ta ɗauka ciwon tsufa ne. Kullum da magariba, in ya dawo daga kasuwa, ita ke tarbarsa da moɗa cike daga randa mafi sanyi, ta tsaya a kansa har ya shanye.

Sai ta ce, "Baba, ya kashe ƙishirwar?"

Ya ce, "Ya kashe, ɗiyata. Allah shi yi miki albarka."

Ta karɓi moɗar ta koma ciki tana ƴar waƙarta. Shi kuwa ya zauna a kan tabarma, maƙogwaronsa a bushe, yana jin muryar nan daga bayan dutse, wadda yanzu shi kaɗai ke jin ta, tana kiran suna bakwai ɗaya bayan ɗaya, tana tsayawa ta saurara.