Surukin Mai Ɗori

"Ba ni hawa, Luba! Dubi dutsen ga, ki dubi ƙahwata!"

"Na duba, Yayana. Ƙahwa lahiyatta lau, mai ita na ba shi lahiya."

Ridwan ya dogara sandarsa yana hararar matarsa. Ita kuwa ta kau da kai, don kada ya ga idonta ya ciko.

Wata goma sha ɗaya ke nan da motar albasa ta kife da shi a hanyar Jega, ƙashin cinyarsa ya karye. Mahaifinta Malami, mai ɗorin da ake zuwa wurinsa Aliero daga nesa, shi ya ɗora shi da hannunsa. Ƙashi ya kama tuni, tsoro ne ya ƙi warkewa. Surukin mai ɗori guda yana yawo da sanda, gona ta gagare shi! Mutane suka fara ƙus-ƙus, har tsohon ya ƙule. Ya ce idan aka fara dashen albasa Ridwan bai taka gona ba, Luba ta tattaro kayanta ta dawo gida. Saura kwana tara.

Ba ta iya saɓa wa mahaifinta, ba ta kuma iya rabuwa da wannan mai taurin kan. Sai ta tono wani tsohon alkawari. Lokacin yana neman aurenta, bakinsa har kunne, ya sha cewa zai kai ta wani dutse can kudu da Maiyama, ta ga ruwan da ke zubowa daga samansa a ƙarshen damina.

"Alkawali kaya na," ta ce. "Ko zancen zawarci na kawai?"

"Ke dai ba ki da tausai..."

Amma ya bi ta.

Hanyar siririya ce, ga tsakuwa mai zamewa, ga ƙaya. Kafin rana ta take, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ruwan gorarsu ya kusa ƙarewa. Sau huɗu yana zama yana rantsuwar nan ce iyakarsa, sau huɗu tana tsokanarsa har ya tashi. Ita ma fa ta gaji, ba ta dai nuna ba.

"Saurara!" ta ce. "Ka jiya?"

Ƙarar ruwa ce, can sama. Ta juyo da murna za ta nuna masa, sai dutsen da ta taka ya gangara.

"Wayyo Allah!"

"Luba!"

Bai san lokacin da ya yi tsalle ba. Ya cafke ta da hannu biyu a bakin kwazazzabo. Idon sawunta har ya fara kumbura.

"Hau bayana."

"Ƙahwarka, Yaya..."

"Ki hau nic ce!"

Haka ya goya ta, yana haki, yana dafa duwatsu, har suka fito inda ruwan ke faɗowa fari fat, feshinsa na dukan fuskarsu. Ya zaunar da ita, ya tsoma mata ƙafar cikin sanyin ruwan, ya kwance ɗankwalinta yana ɗaurewa, ɗiyar mai ɗori tana yi masa gyara.

"Ba hakanan ba, ja ta ƙasa. To, ina sandarka?"

Ya dubi hannuwansa, ya dubi kwazazzabon. Sai ga hawaye.

"Da kin hwaɗa, da ban san mi zan yi da raina ba."

Ta kwantar da kanta a kafaɗarsa, ta yi kukan da ta daɗe tana ɓoyewa.

Ana kiran magariba mota ta sauke su Aliero. Ridwan ya shigo zauren Malami ɗauke da ita. Tsohon ya miƙe daga tabarma, ko kallon ɗiyarsa bai yi ba. Ƙafafun surukinsa ya ƙura wa ido.

"Baba, ni ta fa mara lahiya!"

"Taki targaɗe na, kwana ukku kin miƙe." Ya goge ido da bakin rawaninsa. "Wagga nike jira wata goma sha ɗaya. Aje ta nan, ɗana. Ran Assabar muna dashe, ka zo da wuri."