Sunan da Ya Rage a Manhaja

Ranar Talata da hantsi Halimatusa'adiya ta kai ƙara ofishin 'yan sanda na Kalgo. An ɗauke kwamfutarta a cibiyar da take koyon rubuta manhaja, lokacin sallar azahar ta jiya. A ciki akwai aikinta na wata biyar, manhajar da ke aika wa makiyaya saƙon ranar rigakafin shanu.

Sufeto Abdulgani ya je cibiyar. Ba a ɓalle ƙofa ba. Malam Abdulrasheed, mai koyarwa, ya ce duk ɗalibai sun fita masallaci, sai Muzzammil, ɗan kawun Halimatusa'adiya, wanda suke zuwa tare daga Gwandu kullum. Muzzammil ya rantse yana wurin mai gyaran babur. Mai gyaran ya ce bai gan shi ba.

Bayan kwana uku Muzzammil ya miƙa tasa manhajar a gasar cibiyar. Ita ma ta makiyaya ce. Sufeto ya sa malamin ya buɗe ta a gaban Muzzammil da Halimatusa'adiya.

Malam ya yi bayani cewa duk jeren haruffan da manhaja za ta riƙe, kamar sunan mai karɓar saƙo, sai an ƙirƙire shi an ba shi rubutun farko tsakanin alamomin zance. Yawancin ɗalibai fanko suke barin wurin. Sufeto ya ce a gwada ba tare da an saka suna ba.

Allo ya nuna: "Sannu Kubura."

"Wace ce Kubura?"

"Suna ne kawai, yallaɓai," in ji Muzzammil.

Halimatusa'adiya ta ce mahaifiyarta ce, ta rasu bara. Da sunanta take fara kowane jere.

Muzzammil ya zauna a ƙasa. Ya ce sau biyu yana faɗuwa a gasar, kuma mahaifinsa kullum da ita yake masa misali. Ya sauya wa manhajarta launi da sunayen shafuka, wancan layin ne ya tsere masa. Kwamfutar tana cikin rumbun gidansu.

Ta ce ta yafe manhajar. Abu ɗaya take so, muryoyin mahaifiyarta da ta naɗa a asibiti, don ba ta da su a ko'ina sai a kwamfutar.

Muzzammil ya ce:

"Na goge komai, Halima. Ban duba ba."

Sufeto ya rufe littafinsa, ya yi wa kofur ɗin da ya rako shi alama. Ba ta kalle su ba har suka fita da shi.