Abin da Ioelu Ya Ajiye a Firjin Malaea

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni ko a coci ba na iya ɗaga murya. Mijina Ioelu ne ya ce in rubuta, tunda bakina nauyi gare shi.

Bayan aurenmu shi ya tare a gidanmu a tsibirin Savai'i. Surukin gida shi ke hawa bishiyar kwakwa, shi ke hura wuta a duwatsun da muke gasa abinci a kansu, shi ne na ƙarshen cin abinci. Bai taɓa ƙorafi ba. Abu ɗaya ne: safe da yamma sai ya sulale gidan Malaea, nas ɗin ƙauyenmu, wadda mijinta ya daɗe a ƙasar waje.

"Fuatino, wane ciwo ne da mijinki da ba ya warkewa?" in ji Gwaggo Sieni tana fere gwaza. "Ko nas ɗin ce maganin?"

Na sunkuyar da kai. Da muka keɓe da Ioelu na tambaye shi.

"Famfonta nake gyarawa."

"Kullum?"

"Famfon ne da taurin kai, masoyiyata."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Makon da za a naɗa Baba shugaban dangi, baƙi suka cika gida. Baba ya ce kada namiji ko ɗaya ya bar wurin aiki, Gwaggo kuma ta kafa wa Ioelu ido. Bai je gidan Malaea ba. Raina ya ɗan yi sanyi, sai dai ya fara shan ruwa kamar ƙasar rani, yana zagayawa bayan gida ba iyaka, har da amai. Na ce a zuciyata kewarta ce.

Ranar naɗin na kai masa ganyen ayaba wurin gashi. Da ya yi magana, wari ya buge ni, irin na ruwan goge jan farce. A duk ƙauyen, Malaea ce kaɗai ke shafa jan farce.

"Ta ina kuka haɗu?"

"Ni da wa?"

"Bakinka ya tona ka, Ioelu."

"Tino... ƙirjina..."

Yana jan numfashi mai zurfi kamar wanda ya fito daga nutso, sai ya zube gefen duwatsun.

Malaea ta zo a guje. Tana sunsunar bakinsa ta ɗago.

"Yaushe rabonsa da allura?"

"Wace allura?"

Ta dube ni, ta dubi taron. "Insulin. Ciwon sukari gare shi. A firjina yake ajiyewa."

Gidanmu ba bango, ginshiƙai ne da rufi. Firji ɗaya ne, kowa na buɗewa.

Aka tsallaka da shi asibitin Apia, babban birni, a jirgin ruwa. Likita ta zaunar da ni ta ce da jiki ya rasa insulin sai ya koma cin kitsensa, jini ya yi tsami, warin da na ji ke nan. Tsamin da ƙarancin ruwa sun galabaita tsokar zuciyarsa, tana bugawa ba ƙarfi. Mai yiwuwa ta farfaɗo a hankali, amma ba hawa kwakwa, ba ɗaukar duwatsu, sai yadda aka gani.

Da ya dawo hayyacinsa na matsa kusa. Zargin bai gama sakina ba.

"Allura kaɗai kake zuwa yi?"

"Je ki tambayi firjin."

"Ba wasa nake ba."

Ya riƙe yatsuna. "Kin ji abin da Baba ke cewa. Surukin da ba ya aiki baƙo ne mai cinye abinci. Tsoro na ji a raba mu, Tino."

Na kifa fuskata a tafinsa na yi kuka.

Ranar da muka dawo, tun ba mu zauna ba Gwaggo ta fara.

"Famfo dai ya gyaru. Sai a mayar da shi wurin danginsa su yi jinya, mu nan hannu muke nema."

Ioelu ya fara ninke zannuwansa, irin waɗanda mazanmu ke ɗaurawa.

Washegari da safe na tafi gidan Malaea. Na gaishe ta, na karɓi kwalin maganin, na biyo tsakiyar ƙauye da shi a hannu, ban ɓoye ba. Na tarar da Baba yana karyawa, dangi kewaye da shi. Na durƙusa a gabansa.

"Baba, wannan na mijina ne. A nan zai zauna, shi da mai shi. In an mayar da shi, a haɗa da ni."

Baba ya kalle ni, sannan ya juya wurin Gwaggo.

"Sieni, matsar da kifin nan a ba magani wuri."

Na sa kwalin a firji na rufe. Na warware zannuwan da Ioelu ya ninke, na ɗaura ɗaya, na nufi wurin gashi na fara jera duwatsu a madadinsa.